Hoton rauta da ya buɗe intanet ɗin wani gida a Kano

## Yadda wurin yake kafin a ɗauki hoton

Gidan yana cikin wata unguwa a Kano, irin gidajen da ake fitar da shago a jikin katangar waje. Mai gidan malamin kwamfuta ne. A shagon yake koyar da matasa buga rubutu da lissafin ofis, yana da kwamfutoci takwas da firinta guda. Intanet ɗin shagon da na cikin gida duk daga na'ura ɗaya suke fitowa, wata rauta mai ɗaukar layin waya, baƙa mai sheƙi, mai eriya biyu. A kan kanta aka ɗora ta, dab da tagar da ke kallon titi, domin a nan ta fi samun sabis. Kwamfutocin shagon da kebul aka haɗa su. Wayoyin iyali da kyamarar tsaro da ya kafa a ƙofar gida su kuma a kan Wi-Fi suke. Layin da ke cikin rautar da sunansa aka yi masa rajista, kuma an haɗa shi da lambarsa ta NIN kamar yadda gwamnatin Najeriya ta wajabta tun umarnin Disamba 2020.

A ƙarƙashin rautar akwai farar sitika da kamfani ya manna, faɗinta kamar santimita shida. A jikinta an buga sunan Wi-Fi ɗin da kalmar sirrinsa, da adireshin shafin da ake shiga a sarrafa na'urar tare da suna da kalmar shiga wannan shafin, da lambar WPS (wadda ke haɗa na'ura ba tare da buga kalmar sirri ba) mai lambobi takwas, da adireshin MAC, wanda ake gane na'ura da shi, mai haruffa da lambobi 12, da lambar IMEI mai lambobi 15. A gefen dama kuma akwai ɗan murabba'in QR, wanda idan aka haska masa kyamarar waya sai wayar ta haɗu da Wi-Fi ɗin ba tare da an buga komai ba.

Tun ranar da aka sayo rautar ba a sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Malamin yana da hujjarsa: kalmar sirrin doguwa ce, haruffa da lambobi a cakuɗe, ba wadda mutum zai iya cankowa ba. Ɗalibansa ma bai taɓa ba su ita ba.

## Makon farko na Oktoba: ranar ɗaukar hoto

Oktoba shi ne watan wayar da kai kan tsaron intanet, al'adar da aka fara a Amurka a 2004 ta kuma bazu zuwa wasu ƙasashe. Malamin ya shirya darasi na kyauta ga iyayen unguwa kan yadda za su tsare intanet ɗin gidajensu, yana kuma son hoto mai kyau da zai sa a jikin bana, wato ƙyallen talla. Ɗan yayarsa mai ɗaukar hoton biki ne, kuma bai daɗe da sayen lensin ɗaukar abu kusa-kusa ba, na hannu. Shi ya karɓi aikin.

Shawarar da suka tsayar ita ce a kwantar da rautar a gefenta a kan baƙin yadi, a rataya ƙaramin kwaɗo a jikin eriya ɗaya, a bar shuɗin kebul yana fitowa daga baya, fitilunta kuma suna ci. Da aka kwantar da ita sai ƙarƙashinta ya fuskanci kyamara. Mai hoton ya ga farar sitikar ta ƙara wa hoton armashi a tsakiyar baƙi, sai ya saita idon kyamarar a kanta.

Kyamarar mai megafiksil 24 ce, wato hoton yana da fiksil 6000 a faɗi, 4000 a tsaye. Sitikar ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton, fiksil 2000 ke nan a kan santimita shida. Harafin da tsayinsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, wanda sai mutum ya kanne ido yake karanta shi a jikin na'urar, ya samu fiksil kusan 50. Ko da WhatsApp ya matse hoton ya rage masa nauyi, rubutun yana nan raɗau.

An buga banar mai faɗin mita ɗaya da rabi, aka rataye ta a ƙofar shago. A jikinta murabba'in QR ɗin ya fi tafin hannu girma. An kuma sa hoton a shafin Facebook na shagon, da zauren WhatsApp na unguwa, da na tsofaffin ɗalibai.

## Tsakiyar Oktoba: alamun farko

Datar wata guda ta ƙare cikin kwana tara. Malamin ya fara zargin yara da kallon bidiyo, ya yi musu faɗa, ya sake saye. Daga nan sai ya koma zargin kamfanin layi, domin intanet ɗin yana yin nauyi daga bayan magariba har dare ya raba, kyamarar ƙofar gida kuma tana yankewa idan ya buɗe ta a wayarsa. Da rana komai lafiya lau.

Uwargidansa ce ta fara lura da wani abu daban. Dakalin da ke ƙarƙashin tagar shagon, wanda a da ba kowa ke zama a kai da dare ba, ya koma cike da samari, kowa kansa a sunkuye a kan waya. Ko an ɗauke wuta suna nan, saboda rautar a kan inbata take. Ta ce masa, "Malam, ruwa fa ba ya tsami banza. Ka duba yaran nan."

Washegari wani ɗalibi ya warware zancen. Ya ce, "Malam, ai banar nan ce. Ana haska mata waya sai ta haɗa." Malamin ya fita da wayar da ba ta taɓa hawa Wi-Fi ɗin ba, ya tsaya a bakin titi ya haska. Ta haɗa. Da ya buɗe shafin sarrafa rautar ya tarar da na'urori 32 a kan Wi-Fi, iyakar adadin da take iya ɗauka. Nasa da na iyalinsa, har da kyamara, guda tara ne.

## Ƙarshen Oktoba: sauke bana, goge hoto, ɓoye suna

A ranar aka sauke banar, aka goge hoton daga Facebook. Mai hoton ya zo da kunya ya ce, "Kawu, bari in gyara, yanzu zan rufe rubutun." Ya dagargaza kalmar sirrin da irin murabba'an nan da ake ɓoye fuska da su, ya ɗora tambarin shagon a tsakiyar QR ɗin, aka sake sa hoton.

Wannan bai rage ko mutum ɗaya ba. Wayar da ta taɓa hawa Wi-Fi tana ajiye kalmar sirrin, ba ta ƙara buƙatar hoto. Tsohon hoton kuma ya riga ya sauka a wayoyin mutanen zauruka biyu. Sannan tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, mai waya yana iya fito da nasa QR ɗin na Wi-Fi ɗin da yake kai ya nuna wa abokinsa.

Gyararren hoton ma bai tsira ba. Kamfanin Denso Wave na Japan, da ya ƙirƙiro QR a 1994, ya tsara shi ne yadda zai karantu ko da wani sashe ya lalace, har kusan kashi 30 cikin ɗari a mataki mafi ƙarfi. Tambarin da aka ɗora a tsakiya ƙarami ne, kusurwoyin nan uku da waya ke kamawa kuma suna nan a buɗe. An gwada, ya karantu. Dagargaza rubutu da murabba'ai shi ma ba abin dogaro ba ne: manhajar Depix a 2020 da Unredacter a 2022 sun nuna a fili cewa ana iya dawo da irin wannan rubutun, musamman idan an san salon haruffan da aka buga shi da su. Salon haruffan sitikar rauta kuwa iri ɗaya ne a kan dukkan rautoci samfuri ɗaya.

Me ya hana a sauya kalmar sirrin tun ranar farko? Kyamara ce. Tana can sama a jikin katanga, sai an hau tsani an kwance ta kafin a sake haɗa ta, wanda ya kafa ta kuma ba ya gari. Ga wayoyin gida da za a bi ɗaya bayan ɗaya. Malamin ya nemi hanyar da ba za ta taɓa waɗannan ba, ya gwada biyu.

Ta farko, ya ɓoye sunan Wi-Fi ɗin don kada ya fito a jerin da waya ke nunawa. Sunan yana cikin hoton, duk mai so sai ya rubuta shi da hannu. Ta biyu, ya riƙa bin baƙin na'urori yana toshe su da adireshinsu na MAC. Wayoyin zamani, daga Android 10 da iOS 14, suna nuna wa kowane Wi-Fi adireshin wucin gadi, kuma mutum yana iya taɓa zaɓi ɗaya a saitin wayarsa ya dawo da wani adireshin. Ya toshe da yamma, da dare su dawo. A wannan watan sau uku aka sayi data.

## Makon farko na Nuwamba: an sauya kalmar sirri

Da mai kyamarar ya dawo, aka sauya kalmar sirrin Wi-Fi ɗin, aka sake haɗa na'urorin gida. Jerin ya koma tara. Dakalin ya watse. Kusan mako biyu aka yi a haka.

Daga nan sai baƙin na'urori suka sake bayyana, uku a dare na farko, bakwai bayan kwana biyu. Malamin ya tabbata bai ba kowa sabuwar kalmar ba, ya kuma tambayi iyalinsa kowa ya ce bai bayar ba. A nan ne ya kira wata tsohuwar ɗalibarsa da yanzu take aikin haɗa intanet a ofisoshi.

Ba ta fara da rautar ba, hoton ta nema, na asali. Ta buɗe shi a kwamfutarta ta hannu, ta zuƙo sitikar har ta cika allo, ta bi layi-layi da yatsa tana tambaya: wannan an sauya? wannan fa? A cikin abubuwan sirri uku da ke jikin sitikar, guda ɗaya kawai aka sauya. Sai ta kwafi lambobin WPS takwas ɗin nan, ta fita waje ta zauna a kan dakalin, ba ta nemi sabuwar kalmar ba. Kafin shayin da aka kawo mata ya huce ta dawo ta juyo masa da allon. Sabuwar kalmar sirrinsa ce a rubuce.

An ƙirƙiro WPS ne don sauƙaƙa wa mutane haɗa na'ura ba tare da buga doguwar kalma ba. Duk na'urar da ta ba rauta lambar nan mai lambobi takwas, rautar za ta miƙa mata kalmar sirrin da ake amfani da ita a lokacin, ko da jiya aka sauya ta. A Disamba 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa ko ba a san lambar ba ana iya gano ta. Lamba ta takwas ta tantance sauran ce kawai, rautar kuma tana duba lambobin ne kashi biyu, huɗu na farko daban, ragowar daban. Maimakon gwaji miliyan ɗari, gwaji 11,000 ya wadatar. A gidan nan ko gwaji ba a buƙata, lambar tana cikin hoto, kuma akwai manhajojin da ke yin wannan aikin a kan tsofaffin wayoyi.

Abu na uku shi ya fi damun ta. Shafin sarrafa rautar har lokacin da kalmar jikin sitika yake buɗewa. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin yana iya shiga shafin, ya ga kalmar sirri, ya sauya saiti, ya kuma karanta saƙonnin tes da ake turo wa layin, domin rautoci masu ɗaukar layi a wannan shafin suke nuna su. Ta ce masa, "Malam, data kaɗai kake kallo. Wannan layin da sunanka yake. Abin da duk aka aikata da shi, kai za a fara nema."

Aikin da ta yi a ranar bai ɗauki awa biyu ba. Ta fara da kalmar shiga shafin sarrafawa, sannan ta kashe WPS gaba ɗaya, ta sake fita dakali ta gwada lambar ta tabbatar ta mutu. Bayan nan ne ta sauya sunan Wi-Fi ɗin zuwa wanda ba ya nuna shago ko gida, ta sa masa sabuwar kalma. WPA2, tsarin tsaron Wi-Fi da rautar take kai, yana karɓar daga harafi 8 zuwa 63, sai ta sa malamin ya haɗa kalmomi biyar da ba su da alaƙa da juna, waɗanda zai iya riƙewa a ka. Rautar ba ta da WPA3, sabon tsarin da aka fito da shi a 2018, don haka ta bar ta a kan WPA2. Ta sabunta manhajar cikin rautar, ta buɗe wa baƙi da ɗalibai nasu Wi-Fi daban wanda ba ya ganin na'urorin gida.

Kyamarar ma ta duba, ta tarar da kalmar kamfani take buɗewa. Wata guda ke nan baƙi suna kan Wi-Fi ɗaya da ita. Irin wannan sakacin ne manhajar ɓarna mai suna Mirai ta ci moriyarsa a 2016, inda ta riƙa gwada kalmomin kamfani kusan 60 a kan kyamarori da rautoci a faɗin duniya, ta tara su ta kai hari kan Dyn, kamfanin da ke haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, ranar 21 ga Oktoba na shekarar, manyan shafuka da dama suka tsaya a Amurka da Turai. An sauya kalmar kyamarar.

Jerin ya koma tara, ya kuma tsaya a haka har ƙarshen wata.

## Tsakiyar Disamba: ramin allura

Malamin ya tafi biki Zariya ranar Juma'a. A daren aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, rautar ta maƙale, fitilunta suna ci amma babu intanet. Babban ɗansa ya kashe ya kunna, ba ta tashi ba. Wani abokinsa ya ce masa akwai ɗan rami a bayanta, ya sa allura ya danna na daƙiƙa goma. Ya danna. Rautar ta tashi, intanet ya dawo, kowa a gidan ya ci gaba da harkarsa.

Wannan ramin yana mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani. Tsohon suna ya dawo, tsohuwar kalmar sirri ta dawo, WPS ya kunnu, shafin sarrafawa ya koma buɗewa da kalmar jikin sitika. Wayoyin gidan sai aka sake haɗa su da kalmar da ke jikin sitika. Wayoyin samarin unguwa kuwa, da ba a goge musu tsohon Wi-Fi ɗin ba, da kansu suka hau. Ba sai wani ya yi niyyar komai ba, wucewa ta gefen tagar ya isa.

Kyamara ce kaɗai ta ƙi, domin ita sabon sunan ta sani. Ranar Lahadi malamin ya buɗe ta daga Zariya ya ga ba ta nan. Kafin ya iso gida da dare datar ta ƙare, jerin na'urori ya kai 26.

Tsohuwar ɗalibar ta dawo ta maimaita aikin Nuwamba. Da ta gama ta faɗa masa abin da ta gani: duk saitin da za a yi wa wannan rautar, abin da ke jikin sitikar yana nan kwance a cikinta, kuma allura ɗaya ce tsakaninsa da dawowa.

## Janairu: sabuwar rauta da sabon hoto

A makon farko na Janairu aka sayo wata rautar. Kafin a saka mata layi, an haɗa ta da kwamfuta ta kebul aka sauya kalmar shafin sarrafawa, aka kashe WPS, aka sa suna da kalmar Wi-Fi. An kwafe abin da ke jikin sitikarta a littafi aka kulle a durowa, sannan aka rufe sitikar da baƙin salatif, aka rufe ramin allurar shi ma. An ajiye kwafin saitin a filashi, an kuma rubuta wa yara takarda aka manna a bango: idan ta maƙale a cire ta daga wuta na minti ɗaya, idan ba ta tashi ba a kira Baba. An ɗauke ta daga tagar titi zuwa tagar da ke kallon tsakar gida. Sabis ya ɗan ragu, amma daga kan dakalin Wi-Fi ɗin da ƙyar yake nuna sanda ɗaya.

Malamin bai fasa darasinsa ba, kuma har yanzu yana son hoton. Wannan karon tsohuwar rautar aka ɗauka, babu layi a cikinta, ba ta haɗe da komai. Mai hoton ya ɓare sitikarta, ya buga wata a firintar shagon da lambobin ƙarya, QR ɗin kuma idan aka haska shi jadawalin darasin yake nunawa.

Aikin ya fi na farko wuya, domin hunturu ya shigo. Baƙar roba mai sheƙi tana jan ƙura, kuma abin da ido ba ya gani lensin kusa yana fito da shi ɓaro-ɓaro. Sai ya goge ta da tattausan ƙyalle, ya hure ta da ɗan famfon iska, kafin ya koma bayan kyamara wata ƙurar ta sauka. Ƙarshe sai da suka rufe ƙofa da taga, suka yayyafa ruwa a ƙasa, suka jira iskar ɗakin ta lafa.

Fitilar kyamara ba ta yi amfani ba, tana buga robar ta dawo da farin tabo. Ya rataya farin zanen gado tsakanin rautar da fitila ɗaya da ya ajiye a gefe, hasken ya yi laushi ya kwanta a jikin na'urar ya fito da gefunanta. A ɗaya gefen ya tsayar da farin kwali don inuwar kada ta yi duhu da yawa. Ya ɗora kyamarar a kan ƙafarta, ya sa ISO 100, ƙofar haske f/8, ya kuma sa ta jira daƙiƙa biyu bayan ya danna don kada hannunsa ya girgiza ta. Ƙananan fitilun rautar, kore da shuɗi, idan aka ɗauke su tare da babbar fitila sai su dusashe. Sai ya yi musu nasu hoton daban cikin duhu, ya haɗa daga baya.

A irin wannan kusancin, abin da ke fitowa tsaf a hoto bai wuce zurfin 'yan milimitoci ba. Idan bakin kebul ya fito, kwaɗon ya dushe. Ya gwada matse ƙofar hasken zuwa f/22, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, kamar yadda yake faruwa idan haske ya ratsa ƙaramar kafa ya bazu. Sai ya koma f/8 ya ɗauki hotuna da dama ba tare da ya motsa kyamarar ba, kowanne yana matsar da saitin gaba kaɗan, daga bakin kebul har kan eriya, ya haɗa su a kwamfuta suka zama hoto guda.

Kafin a fitar da shi, su uku suka zauna suka zuƙo shi iyaka, suna bin sa kusurwa-kusurwa. A jikin robar mai sheƙi suka ga inuwar allon wata kwamfuta da aka bari a kunne a bayan mai hoton, har ana iya gane shafin da ke buɗe. An kashe ta aka sake ɗauka. Hotunan da ya ɗauka da waya yayin aikin kuma suna ɗauke da wurin da aka ɗauke su a cikin bayanan fayil ɗin. Facebook da WhatsApp suna cire wannan idan an tura hoto ta hanyar da aka saba, amma idan aka tura shi a matsayin fayil, kamar yadda ake tura wa masu buga bana don kada ya rage kyau, bayanan suna tafiya da shi. An goge su kafin a tura.

An yi darasin a ƙarshen Janairu. Daga lokacin zuwa ƙarshen Maris malamin yana duba jerin na'urori duk ranar Juma'a, bai ga baƙuwa ba, data kuma tana kai masa wata.

## Nazari

Asarar da aka yi a bayyane take: datar da aka saya ba a kan lokaci ba sau huɗu, bana biyu, rauta guda. An yi sa'a abin ya tsaya a kan samarin da ke neman intanet na kyauta, domin ƙofar da ta buɗe ta kai har kyamarar gida da saƙonnin layin.

A ganina matakan Oktoba duka sun faɗi ne saboda dalili ɗaya: hoton aka bi, alhali abin da hoton ya ɗauka ne ya fita. Sitikar makulli ce, hoto mai kaifi kuma kwafinta ne, kwafi kuwa ba a kiransa ya dawo. Ya taɓa faruwa da makulli na ƙarfe ma: jaridar Washington Post ta buga hoton makullan da jami'an filayen jirgin saman Amurka ke buɗe akwatunan matafiya da su a 2014, a 2015 mutane suka ƙera irinsu daga hoton. A Afrilu 2015 an ga kalmomin sirri manne a bango yayin wata hira a ofishin tashar TV5Monde ta Faransa, jim kaɗan bayan an yi mata kutse. A Janairu 2018 an gano wata kalmar sirri a ƙaramar takarda a jikin allon kwamfuta cikin hoton hukumar agajin gaggawa ta Hawaii. Waɗannan wurare ne masu ma'aikatan tsaro, don haka ban ga dalilin da za a ɗora wa mai hoton biki laifin shi kaɗai ba. An koya masa haske da inuwa, ba wanda ya taɓa faɗa masa cewa farar takardar nan sirri ce. Malamin ma yana tsaye a wurin lokacin da aka kwantar da na'urar.

Matakin farkon Nuwamba ya yi daidai amma bai cika ba, domin sirri uku ne suka fita aka sauya ɗaya. Abin da tsohuwar ɗalibar ta yi da ya bambanta shi ne ta ɗauki hoton a matsayin jerin abubuwan da aka rasa, ta bi su layi-layi, ta kuma bi tsari: shafin sarrafawa da farko, WPS na biyu, kalmar Wi-Fi a ƙarshe. Da ta fara da ta ƙarshen, sauran biyun za su sake fitar da ita.

Kamfanonin da ke ƙera rautoci suna da nasu kason. Dokar Birtaniya da ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024 ta hana sayar da na'urori masu kalmar sirri iri ɗaya ga kowa ko mai sauƙin canka, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai kalmar da ta keɓanta ga na'ura ɗaya, kamar ta gidan nan, har yanzu ana buga ta a jikin sitika, tana kuma dawowa duk lokacin da aka danna ramin baya. Barin WPS a kunne tun daga kamfani, shekaru bayan 2011, shi ne abin da na fi ganin ba shi da uzuri.

Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izininsa ba. Malamin bai kai ƙara ba, ya zauna da samarin a kan dakalin ya yi musu magana, wasu daga cikinsu ma sun halarci darasin Janairu. Ina ganin ya kyauta, domin yawancinsu bana suka gani a bakin titi suka haska.

Sayen sabuwar rauta shi ne abin da za a iya yin gardama a kai. A ofishin da mutum ɗaya ne ke taɓa na'ura, rufe ramin da ajiye kwafin saiti sun isa, ba sai an kashe kuɗi ba. A gida mai yara, inda ake yawan ɗauke wuta kuma mai gida yana tafiye-tafiye, tsohuwar rautar za ta sake maƙalewa wata rana, wayoyin unguwa kuma har yanzu suna riƙe da tsohuwar kalmar. A wannan gidan, sauya ta shi ne daidai.